“To, mi kuka gano?” Bashin da masu bincike ke ɗauke da shi a Madarunfa



Yau da tona asirin kaina zan fara. Shekarun baya, lokacin da nake haɗa memuwar ɗina ta ƙarshen karatu, na yi makonni ina kai da kawowa tsakanin Maraɗi da Madarunfa bisa kabu-kabu, jakata cike da takardun tambayoyi. Na zauna da masunta a bakin tafki, na zauna da masu lambu, na sha furar mutane, na cinye musu lokaci. Kifi nawa kake kamawa a yini? Da can fa? Ruwa raguwa yake ko ƙaruwa? Suka yi ta amsa mini cikin haƙuri, wasu har aikinsu suka bari suka zagaya da ni. Na koma na rubuta, na yi sutinans, aka tafa mini, aka ɗauki hotuna, na zuba su a Facebook. Kwafi ɗaya ya tafi ɗakin karatu, ɗaya yana cikin akwatin mahaifiyata tare da zannuwanta na biki, ko da yake ba ta jin Faransanci.

Bara wani ɗaurin aure ya kai ni Madarunfa, sai na yi kiciɓis da ɗaya daga cikin dattawan da suka amsa mini tambayoyi. Ban zaci zai gane ni ba. Bayan mun gaisa ya ƙura mini ido ya ce, “Kai ne yaron nan mai takarda ko? To ɗana, mi kuka gano?” Na ce, “Baba, ai an gama aikin, har an ba ni sakamako.” Ya yi murmushi ya ce, “Kai ka samu naka. Mu namu fa?” Wallahi ban samu abin cewa ba, sai sosa ƙeya.

Tun ranar tambayar nan take bina, kuma ita ta kai ni ga matsayin da zan kare a nan. Duk binciken da aka yi a kan ƙasa da ruwa da itatuwan Madarunfa bashi ne a wuyan mai shi. Ba ya sauka sai ranar da sakamakon ya koma wurin mutanen da aka yi wa tambayoyi, cikin harshen da suke ji, ya kuma isa teburin masu yanke shawara a kan rayuwarsu.

Ga wanda bai san wurin ba, Madarunfa tana kudu da birnin Maraɗi, tafiyar kilomita 20 da 'yan kai. Gundumar ta ƙunshi ƙananan hukumomi 6: Madarunfa, Ɗan Isa, Jiratawa, Gabi, Safo da Sarkin Yamma. Tafkinta shi ne ruwa mafi girma da ke kwana shekara a duk jihar Maraɗi. Gulbin Gabi ke zuba a cikinsa, kuma yana da mahaɗa da Gulbin Maraɗi. A kewayensa akwai kaburburan waliyyai 99 da ake zuwa ziyara daga Nijar da Najeriya, ga kuma gandun dajin da aka keɓe tun zamanin Turawa. A 2006 Nijar ta sa tafkin da dajin da kaburburan cikin jerin wuraren da take fatan UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya. A 2019 kuma tafkin ya shiga jerin Ramsar, wato yarjejeniyar kare tafkuna da fadamu da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. A takarda dai Madarunfa ta yi suna.

Sai dai suna ba ya hana yashi gangarowa. Kowane masunci zai faɗa maka tafkin yana cikewa, kuma yadda abin ke faruwa ba ɓoyayye ba ne. Idan aka share itatuwa da ciyawa a gonakin tudu, ruwan sama ba ya samun abin da zai tsayar da shi ya nutse. Sai ya kwarara da ƙarfi, ya tsaga kwazazzabai, ya kwashi yashi da laka ya juye su a tafki. Gindin tafki ya yi ta tasowa, ruwan ya rage zurfi. Ruwa marar zurfi kuwa ya fi saurin ɗumama da ƙafewa da rani, da damina kuma ya rasa wurin zama ya malala cikin gonaki. Tarwaɗa da karfasa su ragu, mai koma ya dawo gida da abin da bai kai na cefane ba, ɗansa ya ɗauki jaka ya nufi Kano ko Agadas.

Wannan kowa ya sani. Abin da ido ba ya iya faɗa shi ne: santimita nawa gindin ke tasowa a shekara? Wane kwazazzabo ne ya fi kawo yashi? In an samu kuɗi kaɗan, yashe tafkin ya fi ko gyara tudun da yashin ke fitowa? Mai yashe tafki bai taɓa tudu ba, kamar mai kwasar ruwa a ɗaki ne bai toshe yoyon ba. Amsar waɗannan tambayoyi awo take so, na shekara da shekaru, kuma aikin masu bincike ke nan.

Ga kuma maganar gulbi. Gulbin Maraɗi daga Najeriya yake tasowa, ya shigo Nijar ta wajen Nyelwa, ya ratsa fadamar Maraɗi da Tibiri da Gidan Runji, ya sake komawa Najeriya ya haɗu da Gulbin Rima. A wajajen 1990 aka kammala madatsar ruwa ta Jibiya a jihar Katsina, mai ɗaukar ruwa sama da mita kubik miliyan 140. Tun daga nan yawan ruwan da ke isowa fadamarmu, da lokacin da yake isowa, suna da alaƙa da abin da aka saki daga can. Ƙasashen biyu sun sa hannu a Maiduguri a 1990 kan yarjejeniyar raba ruwan da suke tarayya a kai bisa adalci, kuma kwarin Gada da Gulbin Maraɗi yana cikin wuraren da ta ambata. Amma yarjejeniya ba ta tafiya da fatar baki. Wanda zai zauna ya ce rabonmu bai iso ba, sai ya zo da littafin awon ruwa a hannu. In ya je da “mutanenmu suna kuka” kaɗai, shayi zai sha ya dawo.

A Jiratawa, filayen noman rani da ke ƙarƙashin ONAHA tun farkon shekarun 1980 da ruwan ƙarƙashin ƙasa suke aiki, ana jawo shi daga rijiyoyin burtsatse. Wannan ruwan kuwa ambaliyar gulbi ce ke ciyar da shi. Yau ga ƙananan injuna birjik a lambunan zogale da albasa da tumatir. Alheri ne, don samari da yawa a nan suke samun na kansu. To amma abin da muke ja da abin da damina ke mayarwa, sun yi daidai? Ranar da rijiya ta fara tofar da iska, an riga an makara.

A kudu akwai dajin Baban Rafi, wanda ya daɗe yana ciyar da murhunan Maraɗi da itace. Tun dokar 1992 aka kafa kasuwannin itace na karkara don mutanen ƙauye su riƙa sara bisa ƙa'ida suna cin moriyar dajinsu. Yanzu matsalar 'yan bindiga a bakin iyaka ta sa shiga wasu sassan ya zama kasada, ga dubban 'yan gudun hijira da suka shigo jihar daga Najeriya tun 2019, su ma suna buƙatar itacen girki da gona da ruwa. A Ɗan Isa kuma zinariya ta ɓulla, kuma ba mu manta da Nuwamban 2021 ba, lokacin da rami ya rufta a Garin Liman ya kashe aƙalla mutum 18. Ruftawar rami ana ganinta ran nan. Gubar da wankin zinariya ke iya bari a ƙasa da ruwa ba a ganinta sai ta shiga jinin yara. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga haka a 2010, inda gubar dalma ta hallaka yara sama da 400. In an auna rijiyoyin da ke kusa da ramukan nan, uwayen yaran suna da haƙƙin jin sakamako. In ba a auna ba, mi ake jira?

Wani zai ce, ai binciken jami'a surutun 'yan boko ne, talaka bai taɓa cin komai a ciki ba. Ban yarda ba, kuma hujjata a jiharmu take.

Ku ɗauki sassabin zamani. A farkon shekarun 1980 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo yana aikin dashen itatuwa a yankin Maraɗi, yana dasawa suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara toho ne daga kututturan itatuwan da saiwoyinsu ke raye a ƙasa. In aka zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi aka rage sauran, cikin 'yan shekaru sai ga itace, babu reno, babu ban ruwa. Lokacin yunwar 1984, wadda iyayenmu ke kira El Buhari, aka haɗa dabarar da rabon abinci. Da abincin ya ƙare da yawa suka sare itatuwan, amma waɗanda suka bar nasu suka ga amfani: itacen girki, abincin dabbobi, kariya daga iska, ga gawo da ke kaɗe ganyensa da damina ya bar wa hatsi rana da taki. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Bayan shekara 20 masu bincike irin su Mahamane Larwanou ɗan Nijar, da Chris Reij da Gray Tappan, suka gwada hotunan sama na 1975 da na tauraron ɗan Adam na sabon ƙarni, suka kuma taka ƙasa suka ƙirga. Suka ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa, wajen itace miliyan 200, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram. Manoma ne suka yi aikin da addunansu. Masu bincike suka auna shi suka sa duniya ta yarda. Rinaudo ya samu lambar yabo ta Right Livelihood a 2018, kuma a 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da dokar da ke tsara sassabin zamani. Wannan dokar tana da muhimmanci, don manomin da ke tsoron tarar ma'aikatan gandun daji a kan itacen da ya rena da hannunsa ba zai rena wani ba.

Ku ɗauki buhun PICS da ake ajiye wake. Leda biyu a ciki, buhun saƙa a waje, a ɗaure kowanne tam. Iska ta ƙare wa ƙwaro ya mutu, ba tare da an zuba maganin da ke sa mutane ciwon ciki ba. Jami'ar Purdue ta Amurka ce ta jagoranci aikin, amma gwaje-gwaje da yawa a nan Maraɗi aka yi su, a cibiyar INRAN, tare da masana irin su Ibrahim Baoua. Abin da ya sa dabarar ta kama shi ne an kai ta ƙauye-ƙauye: a ɗaure buhu gaban jama'a, bayan watanni a dawo a kwance shi gaban jama'a. Gani ya kori ji. Haka aka yi da murzuna, tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi: aka rena wani ɗan ƙaramin ƙwaro da ke kashe ta, ana rataya shi cikin 'yan jakunkuna a ƙauyuka yana bazuwa cikin gonaki.

Abu ɗaya ya haɗa misalan nan. Ilimin ya sauko daga ofis, ya yi Hausa, ya tsaya a gaban manomi ya bari a gwada shi. Wanda ya tsaya a kan kanta cikin Faransanci, gara ce kaɗai ke karanta shi.

Ba na so a ɗauka ina jifan malamanmu ne. Adalci ya sa in faɗi halin da suke ciki. Malamin jami'a a ƙasashenmu, ƙarin girmansa yana bi ta hukumar CAMES da ke Wagadugu, kuma abin da ake ƙirgawa shi ne maƙalun da ya buga a mujallun ilimi, da Faransanci ko Ingilishi. Yinin da ya yi a gindin bishiya yana yi wa masunta bayani ba shi da maki. Kuɗin bincike kuma yawanci daga waje yake zuwa, mai kuɗi shi ke zaɓen tambaya, furojen ya ƙare bayan shekara 3 ko 4, awo ya tsaya. Ƙasashen Afirka sun yi alkawarin ware kashi 1 cikin 100 na arzikin da suke samarwa a shekara don bincike, amma kaɗan ne suka ko kusanci hakan. Ɗalibi kuwa da kuɗin aljihun iyayensa yake hawa kabu-kabu ya buga takardu. In ya gama, neman aiki ne a gabansa. Ga rashin tsaro da ya sa wasu ƙauyukan bakin iyaka ba sa shiguwa. Duk gaskiya ne. Amma uzuri ba ya biyan bashi. Ni ba rashin kuɗi ya hana ni komawa ba, don kuɗin da na kashe a walimar sutinans ya isa ya kai ni Madarunfa sau biyar. Ban ɗauki komawar a matsayin wajibi ba ne kawai, kuma babu wanda ya nuna mini wajibi ce.

Mu ma matasan birni muna da namu kason. A fada za mu kwana muna gardamar ƙwallo da siyasa, shayi na ɗaya har na uku, amma mutum nawa a cikinmu ya taɓa buɗe rahoto ɗaya a kan ruwan da yake sha? Muryar WhatsApp marar tushe tana zagaye gari kafin la'asar. Ranar 3 ga Agusta mu dasa itace mu ɗauki hoto, babu mai komawa a watan Afrilu ya ga ko yana raye. Da ambaliyar 2024 ta afka wa Maraɗi, gidaje suka rushe, aka yi asarar rayuka, mun yi ta'aziyya mun yi addu'a, kuma ya dace. Amma nawa muka tambayi inda taswirar hanyoyin ruwa take, ko muka daina zuba leda a magudana?

Ga abin da nake kira a yi, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu a ciki.

Na farko, duk memuwar ko kundin digirin da aka yi a kan wani gari, a haɗa shi da taƙaitawa ta shafi 2 cikin Hausa da murya ta minti 5 da za a iya turawa a waya. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, mai tsangayar aikin gona da kimiyyar muhalli, tana iya zama ta farko da za ta sa wannan cikin sharuɗɗan sutinans. Tun Maris na 2025 kundin da ƙasa ke tafiya a kansa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. To ga wurin da za a nuna maganar ba ta tsaya a takarda ba.

Na biyu, a sa ranar mayar da sakamako. Mai bincike ya koma inda ya yi tambayoyi, gaban mai gari da sarkin ruwa da ƙungiyoyin mata da makiyaya, ya faɗi abin da ya gano, ya saurari gyara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sau da yawa tsohuwar da ke ɗebo ruwa za ta nuna maka kuskuren da alƙalan sutinans ba su gani ba. Gidajen rediyon karkara su ɗauki zaman su watsa.

Na uku, ƙananan hukumomin nan 6 su daina jiran a zo musu da tambaya. Kowace shekara su rubuta matsalolin da suke son a bincika su aika wa jami'a da INRAN, ɗalibai su zaɓa daga ciki. Kwafin kowane aiki ya zauna a ofishin magajin gari, kuma ranar da ake tsara shirin raya ƙaramar hukuma a buɗe shi a duba.

Na huɗu, a kafa awon da ba ya mutuwa da mutuwar furoje. Sandar awon ruwa a tafki, ma'aunin ruwan sama a makarantu, igiyar awon zurfi a wasu zaɓaɓɓun rijiyoyi. 'Yan sakandare suna iya karantawa su rubuta, a liƙa alƙaluman a bainar jama'a kowane wata. Tun da gulbin bai san iyaka ba, masananmu su haɗa hannu da na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina da cibiyar noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa ta Jami'ar Bayero a Kano. Harshenmu ɗaya da su, ruwanmu ɗaya.

Na biyar namu ne. Akwai ɗakin karatu na intanet mai suna Duddal, wanda ƙungiyar zaurukan manoma ta RECA ke kula da shi, cike da rahotanni da kundaye a kan noma da muhalli a Nijar, kyauta. Kowace fada ta samu mutum ɗaya da zai karanta aiki ɗaya a wata ya fassara wa sauran da baki. Wanda kuma ya taɓa yin bincike a gundumar Madarunfa, ya kakkaɓe ƙurar kundinsa ya fito da shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ni na fara da nawa. Na ciro kwafin daga akwatin Inna, na zauna ina mayar da shi Hausa, kuma a nan na gane wasu jimlolin da na rubuta da Faransanci mai ƙyalli ni kaina ban san abin da suke nufi ba sai da na nemi faɗarsu da harshen gida. In Allah ya kai mu bayan girbi zan koma bakin tafki in nemi dattijon nan. Abin da na gano ba shi da yawa, wataƙila ma ya riga ni sanin rabinsa. Amma ya tambaye ni, kuma yana da haƙƙin a ba shi amsa.

Kai da ka yi sutinans bara, ke da za ki yi bana, a wane gari kuka yi tambayoyinku? Yaushe za ku koma?

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da iyakokinmu lafiya.